Takarda Mai Layi Shida

Wata huɗu cur babu wanda ya tsuguna gaban ƙwaryar Luba a kasuwar Ƙafin Maiyaki ya ce a dama masa fura. Nonon bai canja ba, kindirmo ne mai kauri wanda a da ake rububinsa tun kafin azahar. Sunanta ne ya canja. Da, Lubabatu 'yar Malam Ɗahiru na Ɗansoshiya ake ce mata. Yanzu in ta gifta sai mata su taɓa juna su ce ga mai asirin nan.

Duk a kan wata 'yar takarda ce da ba ta kai tafin hannu biyu ba.

Munir ne ya ba ta, ɗan Malam Ubale limamin unguwarsu a Ƙafin Maiyaki. Shekara biyu suna tare, har manya sun fara magana. A Kano ya koyo kaɗa jita lokacin karatunsa, ya dawo yana ɓoye abin kamar kayan sata, domin mahaifinsa ya taɓa rantsuwa a bainar jama'a cewa duk ɗan da ya taɓa kayan kiɗa a gidansa, ba shi ba shi.

Wata rana da la'asar a bakin gonar masararsu, Munir ya zaro jitar daga buhu ya kaɗa wa Luba wani kiɗa mai sanyi da ya ce don ita ya tsara. Can kusa da ƙarshe kiɗan yakan hau sama ya tsaya cak, kamar mai kiran wani daga nesa.

"Nan ne sunanki," in ji shi. "Sati guda na yi ina neman wannan wurin."

Ya miƙa mata takardar: layi shida a jere, lambobi zube a kansu, a sama an rubuta Munir da Luba. Ya ce kiɗan ne a rubuce, ta ajiye masa har ranar aurensu. Ba ta gane ko ɗigo ba, amma ta linke ta ƙanana, ta naɗe a leda ta ɗaure da zare, tana yawo da ita ƙarƙashin faifan ƙwaryarta. So bai san wauta ba sai ya waye.

Ranar da tsautsayi ya faɗa, Gwaggo Baturiya, yayar Malam Ubale, ta zo kasuwa wai sayen nono, alhali sirikar da za a kawo musu ta zo ƙare wa kallo. Ita ta ɗaga faifan da hannunta. Ƙunshin ya faɗo, ta warware, ta ga suna biyu da layuka da lambobi, sai ta ɗora hannu a ka.

"Hatimi a cikin nono, jama'a. Ashe da wannan aka shanye mana yaro."

Luba ta yi rantsuwa har da kuka cewa kiɗa ne. Kasuwa ta kwashe da dariya. Tun da ake, wa ya taɓa jin an rubuta kiɗa? Kuma a rasa wanda za a jingina wa kiɗa sai ɗan liman?

Aka kai takardar gaban Malam Ubale. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce shi dai bai san wannan nau'in ba, amma ba ya yanke hukunci da zato. Ya kira ɗansa gaban mutane ya tambaye shi ko ya san ta.

Munir ya dubi takardar, ya dubi mahaifinsa, ya sunkuyar da kai.

"Ban taɓa ganin ta ba, Baba."

Da wannan amsa maganar aure ta mutu, aka mayar wa Malam Ɗahiru da takardar aka ce ya riƙe kayan 'yarsa. Kafin wata biyu aka ji ana nema wa Munir wata yarinya Raihana a Kiru. Luba ta yi kuka har hawaye ya gaji da ita. Da ya ƙafe, abin da ya rage a ƙirjinta ba so ba ne, gaushi ne.

Ban da Munir, mutum ɗaya ta sani mai jita a duk yankin: Malam Ɗayyabu, malamin firamaren Ɗansoshiya, mutumin Tudun Wada. Ya taɓa aiko mata yana so, ta mayar da shi da haƙuri saboda Munir. Yanzu ita ce ta aika a kira shi. Da mahaifinta ya ji abin da take nufi ya tashi zai yi faɗa, sai kakarta Inna Tani ta ɗaga masa hannu daga kan tabarmarta.

"Ɗahiru, ni na haife ka. An ɓata yarinya ka yi shiru wai kai mai kunya. To bar ta ta wanke kanta, a gabana za a yi."

A gindin tsamiyar ƙofar gida aka zauna, Inna Tani na gefe tana saƙar faifai, ido ɗaya kan aikinta ɗaya kan malamin. Ɗayyabu ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa, ya duba, ya yi murmushin takaici.

"Wannan ai tab ne, haka masu jita ke kiran sa. Ki ba ni minti biyar in kaɗa shi gaban duk wanda kike so."

"A'a, Malam. Kowa ya san ka taɓa nema na, za a ce baki muka haɗa. Kuma ni aka tozarta. Da hannuna zan rama."

Ya miƙa mata jitar.

"Layi shidan nan, tsirkiyoyi shida ne. Lambar da ke kan layi tana gaya miki gidan da za ki danna. Kin ga ƙarafunan nan da suka gitta wuyan jitar? Tsakanin kowane biyu gida ne, daga can sama ake fara ƙirga su. In kika ga sifili, kada ki danna komai, ki kaɗa kawai. In lambobi suka hau kan juna, tare ake kaɗa su."

A baki abin da sauƙi. Luba ta ɗauki layin sama a matsayin tsirkiyar sama, mai kaurin nan, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito ya fi kama da kukan bijimi mai mura. Inna Tani ta ajiye faifanta.

"In wannan ne kiɗan da aka yi miki, gara ma a bar shi a asirin."

Ɗayyabu ya danne dariyarsa. "Kowa da haka yake farawa, Inna. Luba, a juye yake. Layin sama shi ne 'yar siririyar da ke ƙasa kusa da gwiwarki. Kwantar da jitar a cinyarki ki leƙa ta, za ki ga ta yi daidai da takardar."

Ta kwantar, ta leƙa, ta gani. Ta sa yatsa a gida na ɗaya kan tsirkiya ta biyu, ta kaɗa. Sauti guda ya fito tas, kuma ta gane shi: da shi Munir ya buɗe a bakin gona. Wani abu ya soke ta a ƙirji, ta cije leɓe, ta ce a ci gaba.

Sati bakwai aka yi ana wannan, kullum bayan la'asar. Ta yanke faratan hagunta har nama. Kan yatsunta suka yi ja, suka yi bororo, suka fashe, har tatsar safe ta zama azaba. Ba ta fasa ba. Takardar ba ta faɗin inda za a ja da inda za a gaggauta, amma wannan bai dame ta ba, kunnenta ya riƙe shi tun ranar farko. A hankali bororon ya zama kanta, yatsun suka yi tauri.

Wurin da ya fi ba ta wuya shi ne hawan nan na ƙarshe. Biyar aka rubuta, ƙaramin yatsanta kuma ba ya kaiwa, sai ya faɗa kan uku. Duk sanda ta yi haka sai Ɗayyabu ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

"Ni da ba nawa ba ke nan," in ji shi wata rana. "Mai shi in ya ji wannan, ba zai iya zama ba."

Luba ta ajiye maganar inda ake ajiye wuƙa.

Da ya tashi tafiya ranar, ya tsaya riƙe da babur ɗinsa.

"Luba, na san ba don ni kike kirana ba, kuma ban ce ki biya ni da komai ba. Tambaya ɗaya ce. In kin gama ramuwar, akwai abin da zai rage a zuciyar nan da wani zai samu?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Malam. Gidan da ke cin wuta ba a tambayar sa ko da ɗakin baƙo."

Labari ba ya kwana a ƙauye. Ranar Talata, tana dawowa daga kasuwa da ƙwarya cike kamar yadda ta tafi da ita, ta hangi Munir tsaye a inda hanyar Ba'awa ta rabu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Zuciyarta ta buga, ta ji haushin kanta da ta buga ɗin.

"Luba, don girman Allah ki tsaya."

Ta tsaya, ba ta sauke ƙwaryar ba.

"An ce mahaifinki ya roƙi mai unguwa a yi zama ranar Asabar. An ce kin koyi jita. Kin san rantsuwar Baba. Zai kore ni, Luba, zai cire ni daga 'ya'yansa."

"Na sani."

"To ki tausaya min. Wallahi ban daina son ki ba ko na kwana ɗaya. Raihanar nan ko muryarta ban sani ba, Gwaggo ce ta haɗa. Tsoro ne ya kama ni ranar, bakina ya faɗi abin da zuciyata ba ta faɗa ba."

Hawaye ne sosai a idonsa, nata ma suka zubo, ta bar su.

"Kai mutum ɗaya kake tsoron ya kore ka. Ni gari guda ne ya kore ni. Ka san abin da ake yi da nonon nan in na koma? Maruƙa ake zuba wa. Ƙannena mata in sun je rijiya, janye guga ake yi. Mahaifina ya daina zama a majalisa. Duk wannan kana ji kana gani, wata huɗu, kana kwana kana tashi."

"Ki ba ni lokaci."

"Na ba ka. Daga yau zuwa Asabar kwana huɗu ne. Ka je ka faɗa wa mahaifinka da bakinka, ni kuma in bar jitar a gida, ba mai jin komai daga gare ni. In ba ka iya ba, ka zo ka ji kiɗanka."

Ta wuce. Har ga Allah, a kwana huɗun nan ta yi ta sauraren ƙarar babur, tana fatan a aiko a ce ya faɗa. Ba a aiko ba.

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Malam Ubale na zaune da carbinsa, Munir na can bayansa nesa kaɗan, Gwaggo Baturiya da mata sun cika bakin zaure. Jama'a kuwa kamar an yi shela. Luba ta durƙusa ta gai da manya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwance zanen da ta naɗe jitar. Wuri ya ɗauki salati.

Malam Ubale ya kau da kai. "Ranka ya daɗe, a gabana za a yi wannan?"

"Malam, shaida ce ba biki ba," in ji mai unguwa. "An ɓata 'yar mutane a kasuwa, dole a saurare ta."

Luba ta roƙi a fara miƙa wa Gwaggo takardar.

"Ita ce, Gwaggo?"

"Ita ce mana. Ko a mafarki na gan ta zan gane ta."

Sai ta roƙi mai unguwa ya riƙe takardar da kansa. Ta nuna masa yadda layi yake tsirkiya, lamba take gida, ta ce ya riƙa kira ita tana dannawa, kowa ya sa ido a yatsunta. Dattijon ya gyara tabarau.

"Layi na biyu, ɗaya."

Ta danna, ta kaɗa.

"Layi na ɗaya, sifili. Sai uku. Sai sifili kuma."

Sauti na bin sauti, a hankali, kamar mai koyon tafiya. Kafin a gama jeri na biyu har masu dariya sun yi shiru, domin kurma ne kawai zai ce wannan ba kiɗa ba ne. Mai unguwa ya sauke takardar yana girgiza kai.

"Ikon Allah. Ashe ana rubuta shi."

Gwaggo Baturiya ba ta saba faɗuwa ba tare da ta kama wani ba.

"To kiɗa ne, mun ji. Wa ya ce ɗanmu ne ya rubuta? Ga malamin makarantar da ke zarya gidansu, shi ke da jita, kowa ya sani."

Aka fara gyaɗa kai. Malam Ubale ya juya.

"Munir, na sake tambayar ka. Ka san takardar nan?"

Luba ta ɗago ta dube shi. Wannan ce dama ta uku, kuma ta ƙarshe.

"Ban san ta ba, Baba."

Wani sanyi ya sauka a jikinta, sanyin wanda ya gama shawara. Ta ce a ba ta izini ta kaɗa shi gaba ɗaya sau ɗaya, daga nan duk abin da aka yanke ta karɓa.

Ta kaɗa shi yadda aka kaɗa mata a bakin gona, da jan sa da tsayawarsa. Ba ta kalli takardar ba, ba ta kalli kowa ba. Ta wutsiyar ido take ganin yatsun hagun Munir suna motsi a kan gwiwarsa ba da saninsa ba. Kiɗan ya gangara, ya taru, ya fara hawa wurin nan da ya ce sunanta ne. Yatsanta yanzu yana kai wa biyar ko ido rufe.

Ta danna uku.

Sautin ya fito a karye. Ta koma baya kamar mai gyara, ta sake hawa, ta sake danna uku. Ta yi karo na uku, a hankali, ta bar shi yana amo a iska.

"Biyar ce."

A hankali ya faɗa, amma wurin shiru yake, kowa ya ji. Munir ya kai hannu bakinsa bayan magana ta riga ta fita.

Mai unguwa ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya ɗago.

"Biyar ɗin ce kuwa. Kai da ba ka taɓa ganin ta ba, daga can inda kake ka karanto?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Luba ta sa yatsa a biyar, ta kaɗa, kiɗan ya hau ya tsaya inda ya kamata. Ta ajiye jitar.

Malam Ubale ya ce ɗansa ya matso. Ya kama hannunsa na hagu, ya shafa tafin, ya shafa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Manomi ne, ya san inda fartanya ke barin kanta, kuma ba a nan take bari ba. Ya dubi yatsun Luba da ta shimfiɗa a kan tabarma, ya ga iri ɗaya ne. Ya saki hannun kamar ya taɓa garwashi.

"Maganar kiɗa tsakanina da kai ce, rantsuwa kuma tana da kaffara. Amma sau biyu ka dubi idona ka yi ƙarya, ka bar marar laifi tana ɗauke da kayanka. Ni da nake gaban sahu, da hannuna aka zalunci 'yar mutane. Wannan ban san kaffararsa ba."

Ya juya wajen Malam Ɗahiru.

"Malam, ku yafe mu. Ba a sa ranar Kiru ba tukuna. In kun yarda, a koma maganar farko, a ɗaura ko gobe ne."

Malam Ɗahiru ya dubi 'yarsa. Munir ma ya ɗago, idonsa jajir, da wani ɗan haske na fata a ciki. Wata huɗu da suka wuce, da wannan maganar Luba za ta sayar da duk abin da ta mallaka. Ko yanzu ma sai da ta ji zuciyarta ta miƙa hannu, ta buge hannun. Ta juya wajen Malam Ubale.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Sunana na zo karɓa, ba ɗanka ba. Abu ɗaya nake roƙo. A kasuwa aka ɓata ni, a kasuwa nake so a wanke ni. Ran kasuwa Gwaggo ta zo ta tsuguna gaban ƙwaryata, ta ɗaga faifan da hannunta kamar yadda ta yi ranar, in dama mata ta sha kowa na gani."

Gwaggo ta buɗe baki, Malam Ubale ya riga ta.

"Za ta zo. Ni ma zan zo, a dama da ni."

Luba ta naɗe jitar a zanenta. Ta karɓi takardar daga hannun mai unguwa, ta linke ta yadda ta saba, ta taka har inda Munir yake durƙushe, ta ajiye masa a gabansa.

"Luba, taki ce," ya ce. "Don ke na rubuta."

Hawaye suka cika mata ido, ba ta share ba, ba ta kuma rage murya ba.

"An ce asiri ne na yi don in riƙe ka. Da ma shi ne, Munir. Da ya riƙe ka ranar da aka tambaye ka."